Me ya sa Mosko ke ɗaukar mai jin Rashanci a wata ƙasa a matsayin nata?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sanin tarihin Rasha da maƙwabtanta. Tun daga 2014, lokacin da Rasha ta haɗe yankin Kirimiya da ƙasarta, har zuwa babban yaƙin da ya ɓarke a Yukren a watan Fabrairun 2022, duk sa'ad da na saurari shugabannin Mosko sai in ji sun koma kan batu guda, wato kare masu jin Rashanci. A jawabin da Vladimir Putin ya yi ranar 18 ga Maris 2014, ya bayyana Rashawa a matsayin ɗaya daga cikin manyan al'ummomin duniya da iyakoki suka rarraba. Ko a zaman neman sulhu ma, cikin sharuɗɗan da Mosko ke gindayawa akwai bai wa Rashanci matsayin harshen hukuma a Yukren.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowace babbar ƙasa tana yaɗa harshenta. Ingila tana da British Council, Faransa tana da Alliance Française, Jamus tana da cibiyar Goethe, Sin kuma tana da cibiyoyin Confucius. Amma ban taɓa jin Landan ta ce tana da hurumin tsoma baki a harkokin Ailan don mutanen can suna magana da Turanci ba, haka kuma Jamus ta yau ba ta cewa Ostiriya tata ce. To daga ina wannan tunani na Rasha ya samo asali? Shin shugabanninta sun yi imani da shi ne har zuci, ko kuwa rigar da suke sakawa ce idan suna da wata buƙata? Sannan su kansu masu jin Rashancin da ke zaune a ƙetare, sun yarda a yi magana da yawunsu?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi tambaya mai nauyi, kuma a ganina ba za a fahimci amsarta ba sai an fara da wasu kalmomi biyu na Rashanci waɗanda mu duka muke fassarawa da abu ɗaya. Akwai "ruski", wanda ke nufin mutum ta fuskar ƙabila da harshe da al'ada, sannan akwai "rossiyanin", wanda ke nufin ɗan ƙasar Tarayyar Rasha ko da wace ƙabila ce tasa. Ɗan ƙabilar Tatar da ke Kazan rossiyanin ne, amma shi ba ruski ba ne. Mutumin garin Narva da ke Estoniya kuwa yana iya zama ruski alhali bai taɓa riƙe takardar zama ɗan Rasha ba. Boris Yeltsin, shugaban Rasha na farko bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ya fi son kiran jama'arsa da kalma ta biyu, domin ita ce ta yi daidai da iyakokin ƙasar kamar yadda suke a taswira. Kalma ta farko ita ce ba ta san iyaka ba, kuma a kanta aka gina duk abin da kake tambaya a kai.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a watan Disambar 1991 ta zama ƙasashe 15, Rashawa kusan miliyan 25 ne suka tsinci kansu a wajen Rasha, bisa ƙidayar 1989. Sama da miliyan 11 daga cikinsu suna Yukren, kimanin miliyan 6 kuma suna Kazakistan. Yawancinsu ba su yi ƙaura zuwa ko'ina ba, iyakar ce ta zo ta same su a inda suke. Wannan rauni ne na gaske a zukatan mutane da yawa, kuma duk wanda ya raina shi ba zai gane dalilin da ya sa maganar take karɓuwa a cikin Rasha ba. Sai dai tun da wuri aka sami masu kallon waɗannan mutane a matsayin jari. A 1992 masanin siyasar nan Sergey Karaganov ya ba da shawarar cewa Mosko ta tsaya a matsayin mai kare su, ta kuma yi amfani da su wajen riƙe tasirinta a tsofaffin jamhuriyoyin, waɗanda a lokacin aka fara kira da suna "ƙetare na kusa". Ka lura da wannan suna da kyau, domin yana nuna cewa a idon Mosko waɗannan ƙasashe ba su kai matsayin cikakkun ƙasashen waje ba.

Daga nan sai doka ta biyo baya. A 1999 aka yi dokar "'yan gida da ke ƙetare", aka kuma faɗaɗa ta a 2010 yadda ta shafi wanda ya ɗauki kansa a matsayin mai alaƙar ruhi da al'ada da Rasha, muddin asalinsa daga can ne. Ma'anar ta yi faɗin da gwamnati za ta iya shigar da wanda ta ga dama ta bar wanda ta ga dama. Sai kuma aƙidar da ake kira "Ruski Mir", wato Duniyar Rashawa, kodayake kalmar "mir" tana kuma nufin zaman lafiya, har ma da taron jama'ar ƙauye a da. Waɗanda suka fara yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1990, irin su Pyotr Shchedrovitsky, suna tunanin wata hanyar sada Rashawan da suka warwatsu a duniya ne, har da na Amurka da Isra'ila da Jamus, domin ƙasar ta amfana da iliminsu da dukiyarsu. Putin ya ɗauki kalmar a taron 'yan ƙetare na 2001, a 2007 ya kafa gidauniya mai wannan suna ƙarƙashin Vyacheslav Nikonov, jikan Molotov ministan harkokin wajen Sobiyet na zamanin Stalin, a 2008 kuma aka kafa hukumar Rossotrudnichestvo mai kula da cibiyoyin al'adun Rasha a waje. Da Kirill ya zama shugaban cocin Otodoks na Rasha a 2009, sai ya ƙara wa aƙidar launin addini, ya ce Rasha da Yukren da Belarus su ne zuciyar wannan duniya, domin duka sun fito ne daga baftismar da aka yi a Kiyef a 988.

Har zuwa nan, mutum zai iya cewa ai wannan bai wuce aikin da British Council ke yi ba. Inda hanya ta rabu shi ne wurin fasfo. Tun daga 2002 Rasha ta shiga raba fasfonta ga mazauna Abkaziya da Osetiya ta Kudu, yankunan da doka ta san su a cikin Jojiya, kuma yawancin mutanen ba Rashawa ba ne a ƙabila. Da yaƙi ya tashi a watan Agustan 2008, sai aka ce an shiga ne don kare 'yan ƙasa, Dmitry Medvedev, shugaban Rasha na lokacin, kuma ya fito ya ce Rasha za ta kare 'yan ƙasarta a duk inda suke, sannan tana da yankunan da take da muradu na musamman a cikinsu. A watan Afrilun 2019, kwanaki kaɗan bayan an zaɓi Volodymyr Zelensky, Putin ya sa hannu kan umarnin sauƙaƙa ba da fasfo ga mazauna yankunan Donetsk da Luhansk da ke hannun 'yan aware. Mai jin harshe ya zama ɗan gida, ɗan gida ya zama mai fasfo, mai fasfo kuma ya zama dalilin shigar soja.

Game da ko sun yi imani da abin ko riga ce kawai, ni ina ganin an fara da amfani da shi ne, sannan aka wayi gari an yarda da shi. Wanda ya karanta doguwar maƙalar da Putin ya fitar a watan Yulin 2021 kan cewa Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce, zai ga mutum ne da ya gamsu da abin da yake faɗa. Kuma an riga an shigar da tunanin cikin ginshiƙan ƙasa: gyaran tsarin mulki na 2020 ya kira Rashanci harshen al'ummar da ta kafa ƙasa, ya kuma ɗora wa gwamnati alhakin tallafa wa 'yan gida na ƙetare, kundin manufofin waje na Maris 2023 kuma ya bayyana Rasha a matsayin ƙasa mai wayewa ta ƙashin kanta, wadda ke haɗa al'ummomin Duniyar Rashawa.

Mai Duba Ɓangare Biyu ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya wadatar ta fuskar abin da Mosko ta yi, amma ina neman izini in faɗi abin da aka yi wa mutanen da ake magana a kansu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Latbiya da Estoniya suka dawo da 'yancinsu a 1991, sun bai wa waɗanda suke 'yan ƙasa kafin 1940 da zuriyarsu ne kaɗai takardar zama ɗan ƙasa kai tsaye. Sakamakon haka, mutane fiye da 700,000 a Latbiya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna Estoniya, suka zama ba su da ƙasa, ciki har da waɗanda aka haifa a Riga ko Tallin, manyan biranen ƙasashen biyu, kuma ba su san wani gida ba sai nan. Ba su da ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa, akwai ayyukan gwamnati da aka hana su, kuma sai sun ci jarrabawar harshe kafin a karɓe su. Lituwaniya, wadda ita ma ta sha mamayar Sobiyet, ta bai wa kusan kowane mazauni damar zama ɗan ƙasa, kuma ba ta rushe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 2012 kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe a Latbiya sun nemi Rashanci ya zama harshen hukuma na biyu, aka kayar da su, daga baya kuma ƙasashen biyu suka shiga mayar da duk makarantun gwamnati zuwa harshen ƙasa zalla.

A Yukren ma akwai abin dubawa. Dokar 2012 ta bai wa harshen da aƙalla kashi 10 cikin 100 na mutanen yanki ke magana da shi matsayin harshen yanki. Ranar 23 ga Fabrairun 2014, kwana ɗaya bayan tsige shugaban ƙasar, Viktor Yanukovych, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar soke wannan doka. Ka yi tunanin yadda mutumin Donetsk ko Sebastopol zai ji, a ce sabuwar gwamnati ba ta ga abin farawa da shi ba sai harshensa. Daga baya dokar ilimi ta 2017 da dokar harshen ƙasa ta 2019 suka taƙaita amfani da Rashanci a makarantu da wuraren hidimar jama'a, har Hukumar Benis, wadda ke ba Majalisar Turai shawara kan tsarin mulki, ta ce dokar 2019 ba ta daidaita tsakanin ƙarfafa harshen ƙasa da kare haƙƙin tsiraru ba. Hangare ma ta yi ta kuka a kan 'yan ƙabilarta da ke yammacin Yukren.

Sannan ba Rasha kaɗai ke bin 'ya'yanta ƙetare da takardu ba. Tun daga dokar 2010 Hangare ta ba mutane fiye da miliyan ɗaya a maƙwabta takardar zama ɗan ƙasa, Romaniya ta yi haka ga ɗimbin mutanen Moldoba, Poland kuma tana da katin da take bai wa masu asali da ita tun daga dokar 2007. Ba ina wanke yaƙin ba ne, Allah ya sani ban goyi bayan zubar da jinin kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, idan aka ce kukan masu jin Rashanci ƙirƙirar Mosko ce tun daga tushe, an zalunci tsohuwar da ke garin Daugavpils na Latbiya wadda aka ce ta zauna jarrabawa bayan ta yi shekara hamsin tana aiki a garin.

Tsohuwar Ɗalibar Karkif ta amsa:

Ina gaishe ku, malamai. Na yi shekaru shida ina karatun likita a Karkif, birni na biyu mafi girma a Yukren, wanda bai fi nisan kilomita 40 daga iyakar Rasha ba, don haka ina so in amsa kashi na uku na tambayar, wato ko mutanen sun yarda a yi magana da yawunsu. A shekarun da na yi can, Rashanci nake ji a kasuwa, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da kuma bakin marasa lafiya a asibiti. Matar da na yi haya a gidanta ba ta taɓa yi mini magana da wani harshe ba sai shi, kuma 'yar'uwarta tana aure a Belgorod, can tsallaken iyaka. Amma ranar da na yi kuskure na kira ta Barashiya, sai da ta zaunar da ni ta yi mini bayani a natse cewa ita 'yar Yukren ce mai magana da Rashanci. Bayan 2022, da aka yi ta ruwan bama-bamai a unguwar Saltivka inda take zaune, sai na ga saƙonninta sun koma harshen Yukren, wanda ba ta ƙware da rubuta shi ba, tana yi tana kurakurai. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta son a ƙara kashe kowa da sunan kare ta. Har yau idan na tuna wannan amsa sai jikina ya yi sanyi.

Alƙaluman ƙidayar 2001 sun nuna abin da take nufi. Kashi 17 cikin 100 ne suka ce su Rashawa ne a ƙabila, amma kusan kashi 30 suka ce Rashanci ne harshensu na gado, masu amfani da shi yau da kullum kuwa sun fi haka yawa. Ke nan miliyoyin mutane suna jin harshen ba tare da sun ɗauki kansu Rashawa ba. Shi kansa Zelensky da Rashanci ya tashi a Kiribi Rih, kuma da shi ya yi suna a wasan barkwanci. Biranen da suka fi shan wuta a wannan yaƙi, Mariyupol da Karkif da Bahmut, birane ne na masu jin Rashanci.

Ɗan'uwa Mai Duba Ɓangare Biyu, na yarda da kai cewa ƙuri'ar 23 ga Fabrairu wauta ce babba, amma akwai ƙarashen labarin. Shugaban riƙon ƙwarya Oleksandr Turchynov ya ƙi sa hannu a kanta, don haka dokar 2012 ta ci gaba da aiki har sai da kotun tsarin mulki ta soke ta a 2018. Lokacin da sojoji suka mamaye Kirimiya, ba abin da ya canza a dokar harshe. Dokokin 2017 da 2019 da ka ambata sun zo ne bayan an ƙwace yanki an kuma kunna wuta a gabas. Haka kuma bai kamata a manta yadda Rashanci ya kai ga rinjaye a waɗannan wurare ba. A 1863 ministan cikin gida na daular Rasha Pyotr Valuev ya hana buga littattafan addini da na koyarwa da harshen Yukren, a 1876 sarki Aleksanda na Biyu ya tsananta hanin, a 1938 kuma Stalin ya wajabta koyon Rashanci a duk makarantun Tarayyar. A Latbiya, 'yan asalin ƙasar sun ragu daga kusan kashi uku cikin huɗu kafin yaƙin duniya na biyu zuwa kashi 52 a 1989, saboda kwashe mutane zuwa Saiberiya da kuma shigo da ma'aikata daga wasu jamhuriyoyi. Mutanen da suka ga harshensu yana neman zama baƙo a babban birninsu, dole tsoro ya shiga dokokinsu, ko da dokokin sun yi tsauri fiye da kima. Hangare da Romaniya kuwa sun ba da fasfo, gaskiya ne, amma ba su bi fasfon da tankokin yaƙi ba. Shawarwarin Bolzano na 2008, waɗanda Ƙungiyar Tsaro da Haɗin Kan Turai ta fitar, sun fayyace cewa kare tsiraru alhakin ƙasar da suke zaune ne, kuma raba takardun zama ɗan ƙasa barkatai a ƙetare bai ba wata ƙasa iko a kan mutanen wata ba.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malama, Allah ya saka da alheri, haka su Malam. Yanzu na fahimci inda aka baro. Saura abu ɗaya da nake son a haska mini: a ƙasashen da ba a yi yaƙi ba, kamar na tsakiyar Asiya, yaya suke zaune da wannan aƙida? Kuma a cikin ita Rashar, inda na ji akwai ƙabilu sama da ɗari, ana ba harsunansu irin kariyar da Mosko ke nema wa nata a waje?

Mai Nazarin Asiya ta Tsakiya ya amsa:

Ƙanena, Kazakistan ce wurin da ya fi dacewa a duba, domin tana da iyaka mai tsawon fiye da kilomita 7,000 da Rasha, kuma a 1989 Rashawa sun kusa kai Kazakawa yawa a cikinta, musamman a lardunan arewa. Nursultan Nazarbayev, shugaban ƙasar na farko, ya bi lamarin a hankali. Ya bar Rashanci ana aiki da shi a hukumance tare da harshen Kazak, ya ƙarfafa wa Kazakawan da ke Sin da Mongoliya da Uzbekistan gwiwar dawowa gida, a 1997 kuma ya ɗauke babban birni daga Almati ya kai shi arewa, inda ake kira Astana yanzu. A ƙidayar 2021 Rashawa sun koma kusan kashi 15 cikin 100. Duk da wannan lallaɓawa, a watan Agustan 2014 Putin ya faɗa a bainar jama'a cewa Kazakawa ba su taɓa samun ƙasa tasu ba kafin Nazarbayev, maganar da ta sa a shekara mai zuwa gwamnatin ta yi gagarumin bikin cika shekara 550 da kafa masarautar Kazak. A 2017 aka ba da umarnin sauya rubutu daga haruffan Siril zuwa na Latin, kamar yadda Azarbaijan da Uzbekistan da Turkumenistan suka riga suka yi, kodayake aikin yana ta jan ƙafa.

Kassym-Jomart Tokayev, wanda ya hau mulkin Kazakistan bayan Nazarbayev, ya gaji wannan salo, har ya ƙara masa dabara. A watan Yunin 2022, yana zaune kusa da Putin a taron tattalin arziki na San Pitasbag, ya ce ƙasarsa ba za ta amince da Donetsk da Luhansk a matsayin ƙasashe ba. A Nuwambar 2023 ya buɗe jawabinsa ga 'yan jarida da harshen Kazak a gaban tawagar Rasha, har baƙin suka shiga neman na'urar fassara. Amma shi ne kuma ya kawo shawarar kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta harshen Rashanci, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Bishkek a Oktobar 2023. A fahimtata, yana ƙoƙarin nuna cewa harshen dukiyar duk masu magana da shi ce, ba mallakin gwamnati ɗaya ba, domin ya toshe kafar da za a iya cewa ana danne shi a ƙasarsa.

A Tajikistan da Kirgistan kuwa, abin da ke riƙe da Rashanci shi ne neman abinci. Ɗimbin matasansu suna aikin gini da tuƙi da dako a Mosko da sauran birane, kuɗin da suke aikawa gida kuma babban kaso ne na tattalin arzikin ƙasashen, don haka iyaye da kansu suke rububin sa 'ya'yansu a azuzuwan Rashanci. A 2022 an buɗe makarantu biyar da Rasha ta gina a Tajikistan. A nan harshen yana yaɗuwa ba tare da an tilasta wa kowa ba, kuma wannan ne ƙarfinsa na gaske, wanda nake ganin Mosko ba ta daraja shi yadda ya kamata. Daga Afrilun 2025 ma sai ɗan baƙo ya ci jarrabawar Rashanci kafin a karɓe shi a makarantar gwamnati a Rasha, alhali makarantar ce wurin da zai koyi harshen.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi sosa mini rai. A 2002 aka yi dokar da ta wajabta wa harsunan hukuma na jamhuriyoyin cikin Rasha rubutu da haruffan Siril, domin a dakatar da Tatarstan da ta yanke shawarar komawa Latin. A 2017 Putin ya ce ba za a tilasta wa kowa koyon harshen da ba nasa ba, a 2018 kuma doka ta mayar da darasin harsunan jamhuriyoyi na ganin dama, yayin da Rashanci ya ci gaba da zama dole. Awannin koyar da harshen Tatar da na Bashkir da na Chuvash suka ragu a makarantu. A watan Satumbar 2019 wani dattijon masani ɗan ƙabilar Udmurt, Albert Razin, ya cinna wa kansa wuta a gaban majalisar jamhuriyarsu a Izhevsk saboda takaicin mutuwar harshensa, kuma ya rasu. Duk hujjar da Mosko ke kafawa a kan Riga da Kiyef, mutanen Kazan da Ufa, biranen Tatar da Bashkir, suna iya kafa ta a kanta.

Mai Duba Ɓangare Biyu ya ƙara da cewa:

Malama, na karɓi gyaranki game da rashin sa hannun Turchynov da kuma jerin lokutan dokokin, kuma labarin mai gidanki ya ratsa ni. Na yarda cewa wanda ya fi cutar da Rashanci a Yukren cikin shekarun nan shi ne wanda ya ce ya zo kare shi. Amma ina nan kan bakana game da ƙasashen Baltik, wato Latbiya da Estoniya, kuma ina ganin yanzu lamarin ya fi muni ga talakan da ke tsakiya. Akwai ci gaba, domin Estoniya tun 2016 da Latbiya tun 2020 suna bai wa jariran marasa ƙasa takardar zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Sai dai bayan 2022 Latbiya ta buƙaci dubban mazaunanta masu fasfon Rasha, da yawansu tsofaffi, su ci jarrabawar harshe ko su rasa izinin zama, a 2025 kuma Estoniya ta gyara tsarin mulkinta ta cire 'yan ƙasar Rasha da Belarus daga zaɓen ƙananan hukumomi. A Narva, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na mazauna ke magana da Rashanci kuma kogi ne kawai ya raba garin da Ivangorod na Rasha, akwai mutanen da suka yi shekaru suna zaɓen kansilolinsu, yanzu an karɓe musu wannan dama saboda yaƙin da ba su suka ƙaddamar ba. Zan so Malamin Tarihi ya faɗa mana, idan ya sami sarari, ko akwai wata hanya da Tallin za ta bi ta kare kanta ba tare da ta tura waɗannan mutane hannun gidan talabijin na Mosko ba.